Abin da na gani a zauren sarki: shaidar wani magatakarda daga Damagaram

Aikin da na yi tsawon rayuwata shi ne riƙon rajista a zauren wani sarkin kanto, wato sarkin da ke riƙe da garuruwa da dama, a ƙasar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Magatakarda ba ya magana a fada sai an tambaye shi, nasa kunne ne da alƙalami. Don haka shaidar da zan bayar ta aikin ce, yadda ake yinsa da inda yake lalacewa. Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta shi ne yaranmu da yawa ba su san sarauta ba sai ranar hawan salla. Sun ga rawani da alkyabba, sun ga dogarai cikin ja da kore, sun ji kakaki da algaita, sun koma gida suna zaton iyakarta ke nan. Alhali nauyin sarauta yana kan tabarmar zaure, ranar da mutum biyu suka zo kowa na cewa gonar ubansa ce.

Sai an san abin da ya fita daga hannun sarki kafin a gane abin da ya rage. Zamanin Tanimun, wanda ya kewaye birnin Zinder da ganuwa ya kuma sa aka ƙera masa igwa a cikin gari, sarkin Damagaram shi ke da yaƙi, shi ke da haraji, shi ke da hukuncin kisa. Ya rasu a 1884. A 1898, zamanin Amadu Kuran Daga, aka kashe Kyaftin Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a Zinder, a 1899 Faransawa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga gari. A 1906 suka tuɓe Amadu Ɗan Bassa bisa zargin yana ƙulla musu makirci, suka kai shi Kwaddibuwa, suka ɗora Ballama, bawan fada, a kan jama'a. Sarauta ba ta koma gidanta ba sai 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. A 1926 kuma aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder aka kai Yamai. Tun daga wancan lokaci rawani bai sake zama a kan kowa ba sai da sa hannun hukuma, kuma hannun da ya sa yana iya cirewa. Mun gani da idonmu: gwamnati ta sauke Sarki Abubakar Sanda Umaru a 2001, ya dawo kan gadonsa a 2011.

Yau doka ce ke tsara aikin. Akwai ta 1993, aka gyara ta a 2008, sannan dokar 13 ga Janairu 2015 ta maye gurbinta. A sama akwai sultan. Da can na Agadas da na Damagaram kawai ake kira haka, sai a 2010 aka ƙara Doso, Katsinar Maraɗi da Gobir. Ƙasa da shi sarakunan kanto irin na Mirya, Dogo, Durum, Kance da Magarya, da shugabannin rukunin makiyaya, sannan masu gari, masu unguwa da shugabannin ƙabilun makiyaya. Abu ɗaya ya haɗa su duka, shi ne kuma mutane suka fi jahilta: sarki ba ya yanke shari'a. Dokar ta ba shi ikon sulhu ne kawai. Ba shi da gidan kaso, ba shi da ikon ƙwace gona daga wani ya ba wani. In mutane biyu sun yarda da abin da aka shirya, a rubuta takardar sulhu. In ɗaya ya ƙi, a rubuta takardar rashin sulhu, su ɗauka su tafi gaban alƙali. Amma a rikicin gona alƙali ba ya sauraronka sai ka bi ta zauren sarki tukuna, haka tsarin dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ya tanada. Wanda ya tsallake ya tafi kotu kai tsaye, kuɗin mota kawai ya ɓata, za a maido shi.

Rikicin gona yana da lokacinsa. Yana tashi ne da bazara, wajen watan biyar zuwa na shida, sa'ad da aka fara sharar gonaki, mutum ya je ya tarar wani ya riga shi sassabe. Mai ƙara zai fara da mai garinsa. In ta gagara can, mai gari ya turo su wurin sarkin kanto, kuma ya fi kyau shi ma ya biyo su, don shi ya san wa ya haifi wa. Sarki ya aika dogari ya kira wanda ake ƙara, a sa rana. Ranar zama kowa ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya durƙusa ya ce “Allah ya ja zamanin sarki”, dogarai su amsa masa “an gaishe ka”. Liman ko malamin fada ya buɗe da addu'a. Mai ƙara ya faɗi tasa har ya gama ba a katse shi ba, sannan ɗayan. Sarkin da ya san aikinsa ba ya cewa komai a wannan zaman na farko, tambaya kawai yake yi, kuma tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: “Ta yaya gonar nan ta shigo hannunka?”

Amsar ba ta wuce shida. Ko gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko haya, ko jingina. Saran daji, wato kakana ne ya fara sare wurin, shi ne tushen gado, amma a kudancin Zinder, wajen Matamai da Magarya, daji ya ƙare tuntuni, babu mai saran sabo. Mafi yawan abin da ke zuwa zaure aro ne da ya tsufa. Kaka ya ara wa baƙo gona don Allah, babu takarda, shaidu sun mutu, jikan baƙo ya tashi ya ga ubansa na noma wurin, shi kuwa bai san wani aro ba. Ba ƙarya yake yi ba in ya ce tasu ce, abin da ya sani ke nan. Ga alamun da dattawa ke bi. Shin duk kaka ana kai wa gidan masu gona dami ɗaya ko biyu? Damin nan ba don ƙoshi ake kai shi ba, tunatarwa ce cewa ƙasar tana da mai ita. Yaushe aka daina kaiwa, kuma da aka daina wani ya yi magana? Shin mai noman ya taɓa dasa itace, ko gina rijiya, ko kafa rumbu na dindindin? A al'ada mai aro ba ya yin waɗannan, in ya yi kuma masu gona suka yi shiru shekara da shekaru, shirun nan zai zama hujja a kansu. In jingina ce, nawa aka karɓa, a gaban wa? Gonar jingina tana komawa ga mai ita ranar da ya maido kuɗin, ko bayan shekara nawa ne, sai dai ba a karɓe ta da shuka a ciki, sai an girbe.

Wannan ƙa'ida ta shuka ita ce ke hana zubar da jini. In ruwa ya sauka magana ba ta ƙare ba, wanda ya shuka shi zai girbe, a ci gaba da zama bayan kaka. Sarkin da ya hana kowa taɓa gona a tsakiyar damina ya jawo wa gida ɗaya yunwar shekara, kuma yunwa ba ta barin mutum ya saurari sulhu.

Ba a gama maganar gona a zaune. Dole a je a taka ta. Sarki kan tura wakili, da mai gari, da magatakarda, da maƙwabtan gonar na gabas, yamma, kudu da arewa. Maƙwabtan nan huɗu sun fi duk wani shaida da mai ƙara zai ɗauko daga wani gari. Da sassafe ake zuwa, a bi iyaka da ƙafa. Iyakar gona a ƙasarmu layin gamba ne, ko aguwa, ko wani gawo ko aduwa da kowa ya sani. Mai cin iyaka ba ya ci a rana ɗaya. Kowace shekara ya ƙara kunya ɗaya, ya tumɓuke gamba ya dasa ta gaba kaɗan, bayan shekara goma ya ci taku goma. Dattijon da ya san aikin zai durƙusa ya tona da hannu a inda ake zargin tsohuwar iyaka take. Tsohon gindin gamba yana barin saiwa baƙa, dunƙulalliya, mai tauri a cikin rairayi, sabon dashe kuwa saiwarsa ba ta yi nisa ba. Sau da yawa a nan magana ke mutuwa, mutum ya ga saiwar a tafin hannun dattijo ya sunkuyar da kai. A lokacin ne wakilin kirki yake rufa masa asiri, ya ce ƙila iska ce ta binne iyaka, a maida ita inda take. Wanda aka kunyata a gaban maƙwabta zai sa hannu yau, ya dawo da ƙara baɗi.

In babu shaida ko alama, sai a koma ga ƙa'idar malamai: mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa shi ke rantsuwa. Rantsuwa da Alƙur'ani ba abin wasa ba ce a Damagaram. Mutum zai yi alwala, a kai shi masallaci, malami ya faɗa masa kalmomin da zai maimaita. Sarakunan da na ga sun daɗe lafiya da jama'arsu jinkirta ta suke yi iyakar iyawarsu, su ba da mako guda a je a yi shawara da dangi. Dalili kuwa, gidajen da rantsuwa ta shiga tsakaninsu sun rabu ke nan, ba aure, ba zuwa suna, wani lokaci har jana'iza. Sau da yawa a cikin makon nan wani kawu zai zo da dare ya ce a raba gonar, ko a bar wa mai noma rabi a matsayin aro rubutacce.

Yanzu ga takardar kanta, wadda nan ne aikina yake. Takardar sulhu ta ƙunshi rana da wuri, sunan kowane ɓangare da sunan ubansa da garinsa, abin da ake jayayya a kai, sunayen shaidu, maƙwabta huɗu, da abin da aka amince da shi dalla-dalla. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, sarki ya sa hannu ya buga hatimi. A shigar da ita rajista da lamba, kowane ɓangare ya karɓi tasa, a aika wa hukuma da kotu nasu. Da Faransanci ake rubutawa, don haka wajibi ne a karanta ta da Hausa da babbar murya kafin kowa ya taɓa tawada, a kuma tambayi kowa: “Haka ka yarda?” Kurakurai uku na fi gani. Na farko a rubuta “an sasanta su” kawai, ba a faɗi a kan me ba, irin wannan takarda ba ta da amfanin komai bayan shekara biyar. Na biyu a kafa iyaka da itace ɗaya, a sare itacen a yi turmi, iyaka ta tafi da shi. Gara a auna da igiya mai mita, a rubuta tsawon kowane gefe, a kuma kafa alama a kusurwa huɗu. Na uku shi ne ya fi ciwo: a yi sulhu babu wani magaji. Ɗan'uwa yana ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya, ko kuwa ƴaƴa mata da ba a kira ba. Addini ya ba ɗiya rabin rabon ɗa, amma a gidaje da yawa sai a ce gona ta maza ce, mace ta ci a gidan mijinta. Ranar da mijin ya rasu ko ya sake ta, ta dawo da ƴaƴa tana neman haƙƙinta, kuma tana da gaskiya. Kafin a buɗe zaman gado, a lissafa duk ƴaƴan mamaci ɗaki ɗaki, a ga kowa da ido ko a ji wakilinsa.

Maganin yawancin wannan wahala yana nan, mutane ne ba su cika amfani da shi ba. Tsarin dokar karkara ya kafa hukumomin ƙasa da ake kira kofo, daga ta gari, wadda mai gari ke shugabanta tare da magatakarda da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa, zuwa ta ƙaramar hukuma da ta gunduma. Suna ba da takardar shaidar mallakar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Kafin a ba da ita ana yin shela a gari, a jira ko wani zai fito ya ce yana da magana. Inda abin ke ɓaci shi ne in an tsallake shelar, ko mai gari ya sa hannu a takardar saye bai je ya ga gonar ba. A gefen birnin Zinder, inda gonaki ke komawa filayen gini, haka ake sayar da wuri ɗaya ga mutum biyu, kowa da takardarsa mai hatimi.

Da kaka kuma ɓarna ce ke cika zaure. Dabbobi na gangarowa daga arewa, daga wajen Tanut, hatsi bai gama shiga rumbu ba, wake da gyaɗa na ƙasa. Gwamna ne ke sa ranar sakin gonaki kowace shekara bayan an ji shawarar sarakuna da ma'aikatan gona da na kiwo. Kafin ranar, dabbar da ta shiga gona mai ita zai biya. Bayan ranar, wanda ya bar amfaninsa a fili shi ya so. Manomi ba shi da ikon dukan makiyayi ko sarar dabba, abin da zai yi shi ne ya kira shaidu, ya kai dabbobin wurin mai gari ko wurin tsare dabbobi da hukuma ta tanada. Sai a haɗa kwamiti mai manoma da makiyaya daidai wa daida, a je gonar a ranar ko washegari, tun sawu da kashin dabba ba su bushe ba. A auna inda aka ci. A ce gonar kan ba da dami 40, aka ci kashi ɗaya cikin huɗu, dami 10 ke nan. A sussuke dami ɗaya na gonar a ga tiya nawa ya bayar. In ya ba da 5, an yi asarar tiya 50, a buga da farashin tiya a kasuwar da ta fi kusa a makon nan. A duba kuma ko shukar za ta farfaɗo, don geron da aka ci yana ƙarami ba ɗaya yake da wanda aka ci ya fid da kai ba. Ɓarnar dare ta fi ta rana nauyi, saboda da wuya garke ya shiga gona da dare ba da sanin mai shi ba.

Tilas in faɗi gaskiya a nan: makiyayi ne ya fi cutuwa a irin wannan zama. Baƙo ne, yana sauri, ba shi da dangi a garin, sai a yanka masa kuɗi bisa kan kowace saniya ba bisa abin da aka ci ba, ya sayar da bijimi a kan ɓarnar da ba ta kai tiya 20 ba. Kuma ba a cika tambayar abin da ya kamata a fara tambaya ba: gonar nan a ina take? In a cikin burtali aka shuka ta, ko a bakin mashaya, ko a makiyaya, mai ita ne ya fara laifi. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sa waɗannan wurare cikin dukiyar al'umma, ba mai gari ba sarki da ke da ikon bayar da su ko sayar da su. Tun 1961 ma akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da ƙetare ta. Shi ya sa zaman ɓarna ba ya inganta sai da ardo ko wakilin makiyaya zaune kusa da mai gari, da muryarsa daidai da ta kowa.

Bodo kuwa, wato harajin kai, mai gari ke tarawa bisa lissafin magidanta, ya kai wa ƙaramar hukuma, a ba shi wani kaso kaɗan ladan wahala. Shekaru da dama dala ɗari da arba'in ne, wato sefa 700, kan kowane baligi a karkara. Matsalarsa lissafi ne da ba a sabuntawa: matattu da waɗanda suka ƙaura suna nan a rubuce, mai gari ya cika daga aljihunsa ko ya matsa wa masu rai. Daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 an ba sarakuna kujera a majalisun, ta shawara ce ba ta ƙuri'a ba, har aka rushe majalisun a 2024.

Duk abin da na lissafa yana tsayawa ne a kan yadda sarki ya hau. Mai gari magidanta ke zaɓensa. Sarkin kanto kuwa masu gari da takwarorinsu na ƙasarsa ke zaɓensa a asirce, daga cikin ƴan gidan sarauta da aka tantance asalinsu aka kuma binciki halinsu, sannan ministan cikin gida ya tabbatar, a sa ranar naɗi. Wurare biyu ake yin ɓarna. Ɗaya wurin tantance asali, inda za ka ga an tsawaita salsala don a shigo da mai kuɗi, ko an datse reshe guda na gida don a fid da wanda jama'a ke so. Ɗayan wurin lissafin masu zaɓe: ana gab da zaɓe sai tunga mai gida goma ta zama gari mai hatimi, don a ƙara ƙuri'a. Doka ta hana sarki shiga siyasar jam'iyya, amma ƴan siyasa ba su bar zaɓen sarakuna ba. Wanda ya hau da bashin kuɗi ko bashin alfarma, a zaure zai biya, kuma talakawa suna ganewa tun shari'ar farko. Daga ranar sai ka ga ƴan ɓangaren da ya faɗi sun daina kawo ƙara, sun gwammace su jira alƙali shekara biyu.

Sai rajista. Littafi ne mai kauri, shafukansa da lamba, ba a yage ko ɗaya, in an yi kuskure a ja layi a sa hannu a gefe. Abokan gabarsa gara da ɗigar ruwa da mutuwar sarki. A ajiye shi cikin akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin bisa duwatsu nesa da bango, a fito da littattafan a shanya su sau ɗaya da rani. Ranar da sarki ya rasu, kafin a gama zaman makoki, a ƙirga su a gaban wakilin hukuma da dattawan fada biyu, a rubuta adadinsu da shekarun da kowane ya ƙunsa, a kulle, a danƙa mabuɗin ga wanda ba ya neman sarautar. A tsakanin rasuwa da sabon naɗi ne littattafai ke ɓata, kuma da zarar an ji sun ɓata, gonakin da aka sasanta shekara talatin da suka wuce sai su fara dawowa zaure ɗaya bayan ɗaya.